Randunan Inna a Asibitinmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake gaishe ka.

Muna yara, asibitin garinmu a wajen Inna, mahaifiyata, yake sayen randuna. Ita ke gina su, a jera a gindin darbejiya, kowace da murfinta. Masu jinya su sha ruwa mai sanyi, in randa ta fashe ta koma ƙasa abinta.

Yanzu ɗan kwangila ke jibgo ruwan leda. Makon jiya akuyata ta kwanta, muka yanka, tumbinta cike da ledojin bayan asibitin. Inna ta ce, "Ɗan nan, hannuna fa bai manta ginin ba."

Malam, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa tun Inna tana da ƙarfinta?