Baba Ya Farka Ya Ce Ko Sun Fasa

Ina gaishe ki, Anti mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Rifkatu, daga Trikania nake rubuto wannan wasiƙa.

A watan jiya likita ya ce mahaifina yana da tsakuwa a matsarmama, sai an yi masa aiki. Baba ya ƙi, domin shekarun baya an tsaga cikin mamarmu, ba ta dawo gida ba. Likita ya zauna ya yi masa bayani cewa shi ba za a tsaga shi ba, ƙananan huda za a yi, a zura kyamara a cire abin. Da ƙyar ya yarda. Da safen ranar ya tara mu, ya sa wa kowa albarka, ya ce mu riƙe juna. Na fita waje na yi kuka.

Da ya farka, ya shafa cikinsa, ya ji filasta ƙanana guda huɗu kawai. Ya dube ni ya ce, "Rifkatu, sun fasa ne?"

Na ce, "Baba, ai an gama."

Ya ce, "Ina ma a zamanin mamarku akwai wannan."

Washegari ya taka da ƙafarsa, bayan kwana biyu aka sallame mu.

Yanzu damuwata ɗaya ce. An hana shi aiki mai nauyi, shi kuma ya matsa sai ya koma lambunsa na bakin kogi. Na ɓoye fartanyarsa, jiya na ji yana neman aro wajen maƙwabci. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya ake lallashin tsoho ya huta?