Zanzaro Ya Yi Gini a Wayata

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni masunci ne daga wata tunga kusa da Wara. A wurinmu sabis ba ya kamawa sai a saman rumfa, don haka can nake rataye wayata. Makon jiya ta mutu, ta ƙi ɗaukar caji, ga Inna kwance a asibiti a Sakkwato ina jiran labari. Caja uku muka gwada wurin mai janareta, shiru. Na hau kwalekwale zuwa Yelwa hankali tashe. Mai gyara ya leƙa ramin caja, ya tuntsire da dariya: "Malam, zanzaro ya yi gini ciki!" Da tsinke ya ƙwaƙule lakar. Kiran farko, muryar Inna na ji, an sallame ta. Alhamdulillahi! To jama'a, yanzu ina zan rataye ta?