Farantin Baƙo

San Inna ne ya kai ni Jidda. Wani jan sa mai karyayyen ƙaho, wanda in ya ga Inna da ƙwaryar dusa har wani gunji yake kamar ya ga uwarsa. Ranar kasuwa aka ja shi, ta shige ɗaki don kada ta gani. Da aka kawo kuɗin ta ƙulle su a tsumma ta danƙa mini, ta ce, "Sale, ga guzurinka. Ka je ka kama wa yayanka, ku dawo mini tare."

Kai Nura, ajiye wayar nan. Kai ka tambaye ni dalilin da ya sa kowace Juma'a ake fitar da wainar sadaka faranti biyu a gidan nan, kai ne kuma kake ta ɗokin zuwa Saudiyya. To ka buɗe kunne, labarin ubanka ne. Ku ma sauran ku matso, kafin wainar ta sauka na gama.

Yaya Isiya ya riga ni tafiya. Shi ya samo mini biza a kamfanin da yake wa aiki, irin kamfanonin nan da ke karɓar kwangila a hannun baladiyya. Baladiyya ita ce hukumar gari, ita ke da shara da magudanan ruwa da feshin sauro da ban ruwan itatuwan titi, har maƙabarta. A waya Yaya ya ce mini, "Aikin gwamnati ne." Ni kuwa na ɗinka sabuwar shadda, ina ganin ofis za a ba ni. Ina sauka aka miƙo mini riga mai ƙyalli da tsintsiya mai sanda. Na ce, "Yaya, ina ofishin?" Ya nuna mini titi tun daga nan har inda ido ya ƙare, ya ce, "Ga shi nan, har da iskar teku kyauta." Haka yake, Allah ya jiƙansa, ko kuka kake sai ya sa ka dara.

Unguwar Safa muke shara, unguwar masu motoci da dogayen benaye. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Kuma kowa sunanka ɗaya a bakinsa, sadik. "Sadik, yalla!" "Sadik, shil haza!" Na daɗe ina cewa ni Sale ne ba Sadiƙu ba, kafin na gane aboki suke nufi, abotar da ba ta wuce ɗauke musu bola ba. Amma a faɗi gaskiya, akwai masu alheri. In kana shara kusa da danja, sai ka ga an sauke gilas an miƙo maka abin sadaka, balle da azumi. Wannan ne ma ya fi albashin albarka.

Ɗaki muka kama a Kurayyat, gidan Hajiya Zahra. Jikar alhazai ce, kakanninta da ƙafa suka je, ita a can aka haife ta. Hausarta rabi da rabi ce, in ta fusata kuwa sai ta zube gaba ɗaya ta koma Larabci. Kullum faɗanmu a kan ruwa.

"Ya Saleh! Inta kifi ne? Muya ya ƙare!"

"Hajiya, shara na kwaso, in kwanta da ita?"

"Kwanta da ita! Ɗan'uwanka buta ɗaya yake wanka!"

"Shi ai ba ya da girman jiki."

"Kai kuma ba ka da girman hankali. Halas!"

Amma in ta dafa shinkafa da kaza, ita ce za ta turo mana tire har ƙofa, tana zagi tana ƙara miya.

Yaya ba ya iya kwana shi kaɗai, ku riƙe wannan. Tun muna yara, in aka tura shi gadin gona sai ya ja ni. A Jidda ma kafin in zo, in abokin ɗakinsa ya yi tafiya, a masallaci yake kwana. Ya ce shiru yana yi masa ƙara a kunne.

Wata ranar bazara muna tsakar aiki, ya jingina tsintsiya da bango, ya zauna a gefen titi ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Na ruga sayo ruwan sanyi. Na dawo na tarar ya kwanta a kan hannunsa kamar mai barci. Shi ke nan, rai ya yi halinsa. Nura, lokacin ko tafiya ba ka fara ba. Wallahi har yau in na ga gorar ruwa da raɓa a jikinta sai gabana ya faɗi.

A can aka binne shi, a maƙabartar baladiyya. Da na bugo wa Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Allah ya ba shi ƙasa mai tsarki. Abu ɗaya nake roƙonka, Sale. Ka riƙe mini kabarinsa. Kada ya ɓace maka har in zo in tsaya a kansa." Na ce na ɗauka.

To ni ɗan ƙauye, yadda muke yi a nan na sani. A nan in an rufe mutum sai a kafa fasasshen tulu wajen kansa, jikokinsa ma su zo su gane. Sai na fasa kofin shayin Yaya na kai na kafa. Juma'a ta zagayo na tarar an share. Na kai dutse na shafa masa shuɗin fenti, aka ɗauke. Na riƙa zuba ruwa har wata ciyawa ta tsiro, aka cire ta. Mai gadi ya ce mini, "Mamnu!" Wato an hana. Kalmar nan ita ce gishirin garin, ba abin da ba a barbaɗa mata. Kaburburan kuwa duk iri ɗaya, fili fetal, jeri bayan jeri. Na ga in na yi sake wata rana zan zo in tsaya a kan wani ina kiran Yaya.

Sai na nemi a mai da ni sashen maƙabarta. Abokan aiki suka ce na haukace, wa ke barin danjar Safa ya koma inda ba mai sauke gilas? Hajiya Zahra ta dafe ƙirji ta ce, "Majnun! Kuma kada ka shigo mini gida da ƙasar matattu!" Daga ranar kuma ba ta sake yi mini faɗan ruwa ba.

Shugabanmu a can Ammu Bashir ne, Bahaushen Sudan, dogon dattijo mai farin rawani, yana Hausa irin ta kakanni. Aikin ba hayaniya. Mu share hanyoyi, mu cika tankunan alwala, mu kwaɓa laka, mu jira motar gawa. Kabarin can ba rami ba ne irin namu, ɗan ɗaki ne na siminti a ƙasa, a rufe shi da falankai a bi da laka. Ban yi mako ba na ga abin da ban taɓa gani ba. Ammu Bashir ya sa aka ɗaga falankan wani tsohon kabari, wani ya shiga ya tattara abin da ya rage ya matsar gefe, ya rufa masa yashi, aka kwantar da sabuwar gawa.

Na ce, "Ammu, me nake gani? Ai da mutum a ciki!"

Ya ce, "Da mutum a da. Yaro, gari tsakanin teku da dutse, ga baƙin Allah daga ko'ina, ina ƙasar za ta ishe su? In an shekara biyu ko uku, jeri ya zagayo, sai a buɗe. Malamai sun yarda. A nan kabari ma haya ne."

Na ce, "Yayana yana jerin bango."

Ya dube ni ya ce, "To ka ce wa tsohuwa ta yi sauri."

Sauri! Kun san yadda tafiya take ga talaka. Shekarar farko na haɗa abin da zan haɗa, wani ejan a nan gida ya yi ta yi mana gobe jibi har lokaci ya wuce. Ta biyu ƙafar Inna ta kumbura, ko bakin ƙofa ba ta iya zuwa. Ni kuwa kowace safiya ina kallon jerin da ake buɗewa yana matsowa, kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi. Ban gaya mata ba, da wane baki? Abin da na gaya mata kawai shi ne mata ba sa shiga maƙabarta a ƙasar. Ta ce, "Ni ai na wuce mace, tsohuwa ce." Na ce ko tsohuwa mamnu. Amma akwai wata ƙofar baya mai sandunan ƙarfe, in ka tsaya a nan kana hango jerin bango sarai. Nan na shirya zan tsai da ita.

Da aka iso jerin, Ammu Bashir ya yi mini halacci. Aka buɗe na damansa, aka buɗe na hagunsa, ya ce a tsallake wannan. Ya tsallake, ya sake tsallakewa, bai taɓa cewa in gode masa ba. Ga bizar Inna ta kusa fitowa, har na saya mata darduma.

Sai aka shiga wani zafi bayan aikin hajji, motar gawa ba ta hutawa. Wata ranar da hantsi Ammu ya kira ni gefe, ya kasa haɗa ido da ni.

"Saleh, ba sauran wuri. Yau ne."

"Ammu, saura ƙiris ta zo."

"Na sani. Gawa ba ta jira, ɗana. Je ka gida, na ba ka hutun yau."

Na ce a'a. In dai sai an taɓa shi, ba hannun da zai taɓa shi sai nawa.

Ni na shiga. Ba zan ba ku labarin abin da na gani ba, sai dai in ce muku mutum ba komai ba ne. Yayana mai cika ɗaki da dariya, na tattara shi da tafin hannuna biyu. Ina yi ina ce masa, "Yaya, ni ne, Sale ne, matsa kaɗan." Na rufa masa yashi. Na yi kuka a ramin nan irin wanda ban yi ba ranar da ya mutu.

Aka miƙo mini sabon. Ba nauyi, ɗan firit. Ba kowa a bayansa, daga direba sai mu ma'aikata, mu muka yi masa salla. Direban ya ce mamacin shi ma mai shara ne, daga wata ƙasa can gabas mai nisa, ya daɗe a firjin asibiti ba wanda ya zo nema. Na kwantar da shi na juya fuskarsa alƙibla, kafaɗarsa kusa da Yaya.

Ba a yi wata guda ba Inna ta sauka. Bayan ta yi umra na kawo ta Kurayyat, Hajiya Zahra ta rungume ta suna ta kuka, ɗaya na Hausa ɗaya na Larabci. Washegari da safe na kai ta ƙofar baya. Ta kama sandunan ƙarfen da hannu biyu, ta ce, "Nuna mini."

Na nuna mata. Na so in yi shiru a nan, amma ban taɓa iya yi wa Inna rufa-rufa ba. Na ce, "Inna, ban riƙe miki shi yadda kika ce ba. An buɗe. Ba shi kaɗai ba ne a ciki yanzu." Na gaya mata komai.

Hawaye na bin tsagar fuskarta, ba ta share ba. Can ta ce, "Wane ne?"

"Ban san sunansa ba. Mai shara ne, baƙo."

"Yana da uwa?"

"Ban sani ba, Inna."

"Sakarai. Akwai wanda ba shi da uwa?" Ta ƙara riƙe ƙarfen. "Tana can tana jiran waya. Ba ta san ma ya mutu ba, balle ta san inda yake. Ni ga ni tsaye ina kallon nawa. To na zo mata. Na tsaya mana mu biyu."

Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, duk abin da ta roƙa wa Isiya sai ta ce, "da baƙonsa." Da ta shafa, ta leƙa ta tsakanin sandunan ta ce a hankali, "Isiya, ka samu abokin kwana. Sai ka bar tsoro."

A jirgi ɗaya muka dawo. Na ajiye musu iƙamarsu, wato takardar izinin zama, da tsintsiyarsu, ba abin da ya rage mini in tsare. Ban zo da akwatunan da ake zuwa da su ba, ban mayar wa Inna jan santa ba, ban kuma dawo mata da mu tare ba. Juma'ar farko ta sa aka soya waina, ta raba faranti biyu da hannunta, ta ce wannan na Isiya, wannan na Baƙo. Har ta koma ga Allah ba ta fasa ba, kuma ko a ciwon ajalinta sai da ta ja kunnena a kai.

In ka je, Nura, ban hana ka ba, ka nemi ƙofar baya, ka dubi jerin bango. Yanzu kam Allah kaɗai ya san su nawa ne a ciki, sai ka yi musu sallama gaba ɗaya.

Ga wainar nan an sauke, tashi ka kai ƙofar masallaci. A'a, mai da wadda ka ɗauka daga wancan farantin. In za ka ci, ci na ubanka, yana da mu. Baƙo ba shi da kowa sai farantin nan.