Takalmin Gudu a Kwali

A ɗakin jiran likita, talabijin na nuna wata mai ƙafar roba tana tsere. Wata dattijuwa ta taɓa mutumin da ke gefenta.

"Kalli yarinyar nan, ɗana. Ƙafa ɗaya, ko haki ba ta yi. Kai mai biyu fa?"

"Na ganta bara, Mama. Ranar na sayi takalmin gudu. Likita ya ce ciwon sukarina sai da motsa jiki."

"To, ka yi gudun?"

"Direba ne ni. Kullum sai in ce bari in sauke fasinjan ƙarshe. Takalmin na nan a kwalinsa."

"Ai sai ka fara gobe."

Ya dubi ƙafarsa ta hagu, naɗe da bandeji.

"Yau likita zai faɗa min ko duka biyun zan sa."