Na Kai Mijina Wurin Mai Ɗori, Kuma Ba Ni Ba Da Haƙuri

Malam mai gabatarwa, barka da aiki, tare da gaida masu sauraro a wannan sabuwar jiha tamu. Sunana Saratu, Kirista ce ni, ina zaune a Jega.

Watannin baya mijina ya faɗi da mashin a hanyar Maiyama, ƙafa ta karye. Na ce mu tafi Aliero wurin masu ɗori. Sai wani dattijon majami'armu ya ce a'a, Musulmi ne, suna tofi, zuwa can rashin bangaskiya ne. Kwana biyu ƙafa na kumbura, mutane na zuwa ja mini kunne.

Na durƙusa na ce, Ya Ubangiji, ba ni hikima, kaina ya kulle. Abin da ya zo mini a zuciya shi ne in je in tambayi mai ɗorin da bakina.

Na je da mijina na ce, "Baba, mu Kirista ne." Ya ce, "Ɗiyata, ke riƙe mashi kai ki yi addu'arki, ni in yi aikina." Haka aka yi. Yau mijina na takawa har majami'a.

Yanzu a majami'armu an ce sai na tashi gaban jama'a na ba da haƙuri. Masu sauraro, ku ba ni shawara, amma ku sani: in na tashi ranar Lahadi, godiya zan yi. Na roƙa an ba ni, ba ni tuba daga amsar addu'ata.