Mai Kwance Allunan Titi

A rumfar soyayyen kifi ta tashar jiragen ruwan Esbjerg, wata mata da Asger bai sani ba ta ja hannun rigarsa.

"Malam, dubi! Fiffiken fankar samar da lantarki, daga masana'anta kai tsaye sai jirgi! Da fa tirela ke jan shi, sai an kwance allunan titi kafin ya sha kwana. Yanzu wuta za ta yi araha! Mai kwance-kwancen nan ma ya huta."

"Ya huta kam. Ni ne. Jiya aka sallame ni."

Ta saki rigar.

"Matsa, baiwar Allah, kin tare mini! Kullum a kwance nake raka shi, yau ga shi an ɗaga shi sama za a sa a jirgi!"