Takun Baba

Umma: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Auta: Wa alaikumus salam. Umma, ni ce. Ina wuni?

Umma: Au, Auta! Tabarauna na ɗaki, ban ga suna ba. Lafiya lau. Ya aiki? Ya maigidan naki?

Auta: Alhamdu lillahi, yana gaishe ku.

Umma: Muna amsawa. Ya yaran? Ƙaramin ya daina tarin?

Auta: Ya daina, sai ɓarna. Ya Baba?

Umma: Lafiyarsa ƙalau. Ya jami'ar? Har yanzu ɗalibai na yi miki layi a bakin ofis kamar asibiti?

Auta: Ga uku can a tsaye, na ce su ba ni minti goma. Umma, na ce ya Baba?

Umma: Na ce ƙalau, ko layin ne? Bari in matsa wajen taga. Yanzu fa?

Auta: Yanzu ina ji sosai. Ba ni shi mu gaisa.

Umma: Ya ɗan kishingiɗa.

Auta: Jiya ma ya kishingiɗa, shekaranjiya yana wanka. To, shi ke nan. Umma, kin tuna ɗalibata mai karatun digiri na uku, wadda ta kawo muku agogunan hannu?

Umma: Mai goyon nan? Yarinyar kirki, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe mu. Ya jaririn?

Auta: Yana nan lafiya. Ita ce dai ba lafiya ba. Yanzu ta fita daga ofishina tana kuka.

Umma: Subhanallahi! Me kika yi mata? Ke dai da zafin kai tun kina ƙarama.

Auta: Ba ni ba ce. Ranar Alhamis za ta kare aikinta a gaban malamai, shekara huɗu tana kansa, yau ta ce a ɗage, wai manhajarta ta lalace. Kin san tsofaffi talatin ne suka karɓi agogon. Kowane agogo yana ƙirga takun mai shi, ya ga inda ya je, ya auna bugun zuciyarsa, ya turo mata a kwamfuta.

Umma: Na sani mana, ai mun sa hannu a takarda.

Auta: To, mutum biyu a ciki, lamba bakwai da lamba takwas, sati uku ke nan komai nasu iri ɗaya ne. Wannan ya yi taku dubu huɗu da goma sha biyu, wancan ma dubu huɗu da goma sha biyu. Har bugun zuciya ɗaya.

Umma: Ikon Allah.

Auta: Kwana goma tana tone manhajar layi bayan layi, jariri a baya, tana neman inda ta yi kuskure. Ni ma na zauna mun duba tare, ba mu ga komai ba.

Umma: To, Allah ya bayyana. Kin ji 'yar maƙwabciyarmu ta samu aiki a...

Auta: Umma.

Umma: Na'am.

Auta: A ƙa'ida bai kamata in san wane ne lamba bakwai ba. Sunayen na kulle a wajenta, ni lamba kawai nake gani. Amma yau ta buɗe min taswira. Mutanen nan biyu kullum sai sun tsaya a kantin magani. Daga nan shagon tela mai koren ƙofa, su yi minti arba'in. Wa na sani a duniya da ke minti arba'in a wajen tela ba ɗinki ya kai ba?

Umma: Matar telan ƙawata ce, laifi ne?

Auta: Baba kuma fa? Yaushe ya fara zama hira da matar tela?

Umma: Hello? Auta? Layin nan...

Auta: Layin lafiyarsa ƙalau, Umma, har ƙarar fankarku ina ji. Zuciyar taku ma ɗaya ta koma?

Umma: Shekara arba'in da biyu da aure, in ba ta koma ɗaya ba ai an yi asara.

Auta: Umma, don Allah. Agogo nawa ne a hannunki yanzu?

Umma: ...Biyu.

Auta: Na shiga uku.

Umma: Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, hannun riga ya rufe. Ba wanda ya taɓa lura.

Auta: Kwamfuta ta lura! Me ya sa? Ya ƙi ɗaurawa ne? Yana yi masa ƙaiƙayi?

Umma: Shi da yake goge shi da hankici kullum da safe? Ai ya fi son agogon nan da ni.

Auta: To mene ne?

Umma: Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba.

Auta: Ni ban yi alkawarin ba zan tambaya ba. Umma, gabana faɗuwa yake, ki gaya min.

Umma: Faɗuwa ya yi. A matakalar bene, saura uku ya sauka. Ba karaya, an yi hoto, likita ya ce ƙugu ne ya bugu, ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan. To, tun ranar bai taka ba. Daga gado sai kujera, banɗaki ma sai na riƙe shi. Ni a ganina ciwon ya tafi, tsoron ne ya zauna.

Auta: Sati uku! Ina kira kullum kina ce min ƙalau!

Umma: Kar ki ɗaga min murya, ni na haife ki. Kin san halin babanki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu da ƙafa, unguwa-unguwa, shi ne zai yarda a rubuta a kwamfutar 'yarsa cewa ya yi taku shida a wuni? Cewa ya yi, "Auta ta sa mu a bincike, kar mu ba ta kunya. Kuma yarinyar nan mai goyo, in ta ga sifili za ta ce aikinta ya lalace. Ɗaura nawa ki riƙa fita da shi." Ni kuma har ƙarin zagaye nake yi, don kar a ce ya yi ƙasa.

Auta: Wayyo Umma. Wayyo Baba.

Umma: Kuka kike ko dariya?

Auta: Ban sani ba wallahi. Umma, kin san don me aka yi agogon nan?

Umma: Don a ga wa ya fi tafiya.

Auta: Ba gasa ba ce! An yi shi ne don in tsoho ya daina tafiya, kwana uku kawai, saƙo ya tafi wayar 'ya'yansa. Duk shekara huɗun da ta yi, a kan wannan ne. Da yana hannunsa, da tun satin farko ina gidan nan.

Umma: Au.

Auta: Mutum ɗaya a cikin talatin abin ya faru da shi, kuma ubana ne, kuma kuka ɓoye.

Umma: Mu gyara muka yi niyya, Auta. Yanzu za a kayar da ita saboda mu?

Auta: Ba za a kayar da ita ba. Zan kira ta yanzu in ce manhajarta lafiya lau. Za ta ware sati ukun nan, ta rubuta gaskiyar abin da ya faru, ba suna. Malamai za su tambaye ta, ta amsa. Ni ce da laifi ma, da na bari iyayena suka shiga.

Umma: Tsaya, ga shi yana miƙo hannu. Tun ɗazu kunnensa na nan, duk maganarki yana ji, wai barci yake.

Baba: Dakta.

Auta: Baba! Ina wuni? Ya jikin?

Baba: Jiki da sauƙi. Uwarki ba ta iya riƙe magana, na daɗe da sani. Kwana goma yarinyar nan ta yi tana neman laifin kanta?

Auta: Goma, Baba.

Baba: Ban kyauta ba. Ki ba ta haƙuri, ki ce lamba bakwai ne ya ce.

Auta: Zan faɗa. Gobe da safe ina hanya, kuma zan zo da likitan gashin ƙashi.

Baba: Ki zo. Ke, ciro min nawa. A'a, na saman. Ɗaura min da kyau. Dakta, kwamfutar na gabanki?

Auta: Tana gabana. Baba me za ka yi?

Baba: Buɗe lamba bakwai. Daga kujerar nan zuwa ƙofa, da ƙafata.

Auta: Baba ka jira in zo! Umma, riƙe shi!

Baba: Tana gefena, ba inda za ta. Bismillahi. Wash... Ɗaya. Kin gani?

Auta: Yana ɗan jinkiri kafin ya... Na gani! Ɗaya!

Baba: Biyu. Ke, sakar min hannun riga, ba faɗuwa zan... Uk...

Auta: Baba? Hello? Umma? Kai, layin nan! Hello?... Uku. Huɗu. Ina gani, Baba. Biyar.